A Fiɗiye Dukushi Kafin A Sayar?

Da hutun da ya wuce na tarar mahaifina ya yi shawarar sayar da dukushinmu, bikili ɗan shekara 2, don a biya wa ƙanena kuɗin makaranta. Ni kuwa na karanta a littafin Turawa cewa fiɗiyayyen doki ya fi ladabi, ba ya yawan cizo ko harbi, ba ya tsinke igiya in ya ji haniniyar goɗiya. Sai na ce a fiɗiye shi, ya fi kuɗi. Kawuna ya yi dariya, ya ce, "Ɗana, wa za ka sayar wa?"

Na yi ta tunanin tambayar nan, yanzu kuwa ina ganin shi ke da gaskiya. A Ingila yawancin dawakin hawa fiɗiyayyu ne. Amma a ƙasarmu ingarma a ke so. Ku dubi hawan salla a Kano ko Zariya ko Bida: hakimi yana son doki mai kaurin wuya, mai taƙama, wanda zai yi rawa in ya ji algaita. Wani mai saye kuma iri ya ke nema, ya kai wa goɗiyarsa. Ranar da ka fiɗiye, ka kori waɗannan duka daga ciniki. Mai saye yana iya fiɗiyewa bayan ya saya, amma abin da wuƙa ta cire ba mai mayar da shi.

Ga kuma hatsari. Doki ba ya jimre wa cutar nan tetanus, mai sandare jiki ta sarƙe haƙora, ita kuwa ta miki ta ke shiga. Da damina ƙudaje su kan zuba tsutsa a ciwon. Miki ya kan ɗauki makonni kafin ya warke, kana ta sayen harawa da dusa. In dokin ya mutu, kuɗin makaranta ya mutu.

Ban ce kada a fiɗiye ko kaɗan ba. Dokin da ya cika mugunta, ko wanda yara za su hau, a kira likitan dabbobi da sanyin hunturu, a yi masa allurar rigakafi. Sa'an nan a gaya wa dillali da mai saye gaskiya.

Mun sayar da namu yadda Allah ya yi shi, ƙanena ya koma aji. 'Yan'uwana, mu da za mu koyar a ƙauyuka, in mun karanta abu a littafi, mu tambayi dattawan wurin tukuna.