Ƙanena Ya Ce Sai Gogen Shah Rukh Khan

Wannan watan na jingine zancen 'yan fim, saboda wata wasiƙa da ta zo mani daga Shanga ta ƙasar Yawuri a Jihar Kebbi. Wata 'yar'uwa ce ta ce ƙanenta ɗan shekara 9 ya kalli Mohabbatein, fim ɗin Indiyan nan na 2000, ya ga Shah Rukh Khan da gogen Turawa a kafaɗa, to tun ranar ba a huta ba a gidan. Har gwangwanin madara ya samo, ya ɗaura masa wayar burki. Ita kuma ta kwashi adashe, tana tambaya: ta aika Legas a sayo masa?

Ƙanwata, riƙe kuɗinki tukuna.

Gogen Turawa tsarkiya huɗu gare shi, kuma suna suka tara. Akwai na manya, akwai rabi, akwai kwata na ƙananan yara. In kika sayo na manya, hannun yaron ba zai kai ba. In ma kin dace da daidai shi, wa zai ɗaure masa sauti? Tsarkiya ta tsinke, sai an sake aikawa birni. Malami ake fara nema, sannan kayan kiɗa.

To ga tambaya: kin manta muna da namu? Kukuma ita ce ƙanwar goge, da ita su Garba Supa da Hassan Wayam da Ahmadu Doka suka yi suna, Garba Liyo kuma ya riƙe babban. Ƙoƙo ne aka rufe da fatar guza ko damo, aka soka masa sanda, tsarkiya ɗaya tal ta gashin wutsiyar doki, sai ɗan jakin da ke ɗage ta daga fatar. Ba ta da nauyi, ta yi daidai da hannun yaro. Kuma tunda babu alamar inda za a ɗora yatsa, kunne ne ke aiki. Gogen Turawan ma haka yake, shi ya sa wanda ya ƙware a ɗaya bai cika shan wahalar jin sautin ɗayan ba. Wani malami ɗan Japan, Shinichi Suzuki, da haka ya yi suna a duniya: yaro ya fara da ji da kwaikwayo kamar yadda ya koyi magana, karatun takarda daga baya.

Ki sa yayanku ya yi cigiya ranar kasuwa a Yelwa ko a wajen makaɗan biki. Wanda zai koya masa shi ya kamata ya zaɓa masa kukumar. Kada a manta da ƙaro, shi ake gogawa a izga, in babu shi sai dai ta yi ta sulɓi ba sauti. Ku kuma mutanen bakin ruwa, daga Shanga har Ngaski, sai kun kula da laima. Da damina fata kan saki, murya ta dushe. A ɗan shanya ta a hantsi, a rataye ta a ɗaki, kada a bar ta a ƙasa.

Watan farko kam ki shirya toshe kunne, don kukan zai yi kama da na ƙofar langa-langa! Minti goma sha biyar a rana bayan Islamiyya ya isa.

Saura babbar magana, wadda kika ɓoye a ƙarshen wasiƙarki: Baba bai sani ba. Kada ki yi wannan gangancin. Dattawanmu da dama in an ce goge, bori da otal suke tunawa, kuma ba a banza ba, can suka san shi. A fim, Shah Rukh ya yi ta ja-in-ja da Amitabh Bachchan har ya yi nasara, amma wannan fim ne. Ki bi ta wajen Inna ko kawunku, a gaya wa Baba wane ne malamin, kuma a zauren gidanku za a riƙa yi, da rana, a gabansa. In ya ce a'a, a dakata, a sake tuntuɓarsa bayan jarrabawa.

Ina jiran wasiƙarki ta biyu, in ji yadda kuka ƙare da Baba. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.