Sai baƙi za su zo ne muke tuna da gyaran fili?

A watan Satumba na 2024, bayan Angola ta ci Black Stars ɗaya da nema a Kumasi, hukumar CAF ta janye amincewarta da filin wasa na Baba Yara saboda lalacewar ciyawarsa. Ni abin da ya fi yi mini ciwo shi ne sunan da ke jikin filin. Osman Seidu, wanda aka fi sani da Baba Yara, ɗan'uwanmu ne Musulmi, gwanin ƙwallon da hatsarin mota ya nakasa a 1963. Filin da aka sa wa sunansa an yi masa babban gyara saboda gasar cin kofin Afirka ta 2008, amma shekara 16 kacal sai ga shi baƙi na cewa bai cancanci a taka leda a kansa ba.

Wata uku kafin wannan, an yi wani abu a Amurka da nake so mu duba. A birnin Birmingham na jihar Alabama akwai filin Rickwood, inda ake wasan besbol, wato wasan nan da ake dukan ƙaramar ƙwallo da gora a zagaya da gudu. An buɗe shi a 1910, shi ne filin ƙwararrun besbol mafi tsufa a ƙasar. A zamanin wariyar launin fata, farare da baƙaƙe ba sa wasa tare, don haka ƙungiyar farare ta Barons da ta baƙaƙe ta Black Barons karɓa-karɓa suke yi a filin. A nan Willie Mays ya buga wa Black Barons a 1948 yana ɗan shekara 17.

Bayan kakar 1987 Barons suka tashi zuwa sabon fili a wajen gari. A irin tamu al'adar, shi ke nan, sai ciyawa da awaki. Can kuwa wasu mutanen gari suka kafa ƙungiyar Friends of Rickwood a farkon shekarun 1990, suna tara kuɗi suna gyara abin da ya lalace kaɗan-kaɗan. Ba su bar wurin a kulle ba. Ɗaliban sakandare na wasa a ciki, kwalejin Miles, ɗaya daga cikin tsofaffin kwalejojin baƙar fata, ta mai da shi filin gidanta, har fina-finai an ɗauka a wurin. Da babbar hukumar besbol ta MLB ta so karrama 'yan wasa baƙaƙe na wancan zamani, sai aka sake shimfiɗa filin, aka gyara mazaunin 'yan wasa, aka buga wasa tsakanin Giants da Cardinals ranar 20 ga Yuni, 2024. Mays ya rasu kwana biyu kafin wasan.

Wani zai ce, to Malam, ai su ma sai da baƙi za su zo aka yi babban gyaran. Gaskiya ne. Amma da aka zo an tarar da abin gyarawa, don an shafe shekara kusan 30 ana share magudanar ruwa ana toshe yoyon rufi. Mu kuwa dubi filin Jami'ar Ghana da ke Legon: an fara gini, ya zauna shekaru ba a gama ba, sai da gasar wasannin Afirka ta matso aka kammala shi, aka yi wasa a watan Maris na 2024. Tambayata ita ce wa zai biya mai yankan ciyawarsa nan da shekara goma.

Na fi sanin ƙananan filaye. A makarantar da nake koyarwa, turakun raga sun yi tsatsa har ɗaya ya karye. Da damina rabin filin tafki ne, saboda kwatar da ke gefensa ta cike da leda. Masu kwantena sun ci gefe ɗaya, taku ɗaya bana, taku biyu baɗi, ba wanda ya ce uffan. Yara kuma ba su daina wasa ba, sun koma bakin titi ne kawai. Wallahi duk lokacin da na ga ƙwallo ta gangara ƙarƙashin mota yaro na binta, gabana sai ya faɗi.

Kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya, mu ma muna da hannu. A wannan fili muke sallar Idi, a nan ake Maulidi, a nan ake kafa rumfunan biki da na sadakar mamaci, kamar yadda coci-coci ke nasu taron. Ba na cewa a hana, don a yawancin zangunanmu babu wani sarari sai shi. Sai dai a kafa ƙarafan rumfa a tona ramuka, motoci su shiga su kwaɓe ƙasa, a watse a bar wa 'yan makaranta shara ranar Litinin, wannan zalunci ne ko da sunan addini aka taru.

Na san amsar wasu iyaye: aji babu kujeru, kana maganar fili? Ban ce a ɗebi kuɗin kujeru ba. Abin da nake nema bai kai nan ba. Duk wanda zai yi taro a filin makaranta ya ajiye wani abu a asusun da kwamitin iyaye da malamai ke riƙe da shi, a manna lissafin a allon sanarwa kowane zangon karatu. Ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai, waɗanda ke iya ɗinka anko duk shekara, su ɗauki turaku da raga. Sarkin zango da limamai su raka shugaban makaranta majalisar gunduma a auna iyakar filin a kafa alama, tun kafin kwantena ta zama bulo.

A zaman iyaye da malamai mai zuwa zan kawo maganar kwata tukuna, don ita ba ta buƙatar komai sai shebur da matasa ranar Asabar. Wanda ke da baro ya ara mana.