Kafin gabas ta yi baƙi

Ƴan uwa manoma da makiyaya na Kiyeshe, da na Dogon Dutsi, da na Tibiri, da sauran garuruwan Arewa, yau zancenmu a kan gida ne, gidan da muke kwana a cikinsa mu da iyalanmu.

Kowa ya san yadda hadari yake zo mana. Ana zaune cikin zafi, ko ganye ba ya motsi. Sai gabas ta yi ja, sannan ta yi baƙi. Iska ta taso da ƙura, kaji su gudu, mata su yi ta kwashe shanya. Kafin mutum ya ɗaure akuyarsa ruwa ya sauko. Masana yanayi sun auna tafiyar irin wannan hadari, sun ce yana cin kusan kilomita 50 cikin awa guda, daga gabas zuwa yamma. Ke nan daga lokacin da muka hango shi zuwa lokacin da ya iso kanmu, da ƙyar a yi awa ɗaya.

Wani abin mamaki shi ne, hadarin da ya wuce ta kanmu ba nan yake ƙarewa ba. Yana ratsa Mali da Senegal ya faɗa teku. A can wani yakan mutu, wani kuma ya ƙara ƙarfi ya zama mahaukaciyar guguwa, ta je ta afka wa Amurka da tsibiran da ke kusa da ita. Mutanen can akan sanar da su kwana biyu ko uku kafin guguwa ta iso. Sai su toshe tagogi da katako, su tanadi ruwa da abinci, wasu su bar garin. Duk da haka guguwar da aka kira Katrina ta kashe fiye da mutum 1,000 a shekarar 2005, yawancinsu a birnin New Orleans da kewayensa. To, mu da ba mu da kwana uku, awa guda kawai gare mu, yaushe za mu yi namu shiri? A ganinmu tun cikin bazara ne, a watan Afrilu da Mayu, lokacin da ƙasa take busasshiya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ba mu manta da damanar 2024 ba. Hukumomin Nijar sun ƙidaya fiye da mutum 300 da suka rasu, abin kuma ya shafi fiye da mutum miliyan ɗaya. Wasu ruwa ne ya ci su, amma da yawa gini ne ya faɗa musu. A Damagaram tsohon masallacin laka, wanda ya haura shekara 150 a tsaye, ya rushe a farkon watan Satumba. Har buɗe makarantu sai da aka ɗaga zuwa 28 ga Oktoba, domin azuzuwa da yawa sun lalace, wasu kuma mutanen da suka rasa matsuguni ne a cikinsu. Alhali tun kafin damanar, masana da cibiyar AGRHYMET ta Yamai take tarawa kowace shekara sun faɗa cewa ruwa zai yi yawa a Sahel. An ji a rediyo. Mu nawa muka hau rufin ɗakinmu bayan mun ji?

Idan ɗaki ya faɗi mukan ce Allah ne ya kawo. Gaskiya ne, ruwa na Allah ne, rai ma nasa ne. Amma indararon da ya toshe tun bara, wa ya bar shi haka? Malamanmu suna koya mana cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umurci wani mutum ya fara ɗaure raƙumarsa sannan ya dogara ga Allah. Gyaran ɗaki shi ne namu ɗaurin raƙumi.

Bari mu yi ɗan lissafi, tunda yanzu mun iya. Ruwan sama milimita 1 a kan fili mai mita 1 tsawo da mita 1 faɗi, lita 1 ne. Mu ɗauki soro mai mita 5 tsawo da mita 4 faɗi. Idan aka yi ruwa milimita 50 a dare ɗaya, abin da ba baƙo ba ne a watan Agusta, lita 1,000 ce ta zuba a kan wannan rufi. Tano biyar ke nan, irin mai cin lita 200. Duk wannan ruwa ta indararo ɗaya ko biyu zai fita. In hanyarsa a buɗe take, ya wuce. In ciyawa ko leda ta tare shi, sai ya kwanta, ya jiƙa ƙasar rufi, ta yi nauyi, azara ta fara lanƙwasa. A ƙarƙashin wannan azara yaranmu suke barci.

Saboda haka aikin farko a sama yake. Maigida ya hau da kansa. Ya cire ciyawar da ta tsiro, ya cike duk wata tsaga, ya daɓe rufin yadda zai gangara wajen indararo. Indararon ya zama mai tsawo, ya jefa ruwa nesa da bango, a kuma aje faffaɗan dutse inda ruwan yake faɗuwa don kada ya haƙa rami. Akwai wata al'ada da muke son a duba: kowace shekara mukan ƙara ƙasa a kan rufi, ba mu taɓa rage ta dā ba. Shekara goma ana ƙari, azarar kuwa ita ce dai ta farko. A shiga ɗaki da rana, a ƙwanƙwasa kowace azara da ƙotar gatari. Wadda ta yi ƙarar holoƙo, gara ta cinye cikinta. A sake ta, in babu hali a tokare ta da gungume mai ƙarfi. Iyayenmu sun fi son azarar giginya domin gara ba ta cika damunta ba, amma giginya ta yi wuya yanzu, icen da muke samu kuwa ba ya jimawa kamarta.

Masu rufin kwano, ku abokin gabarku iska ce. Takan shiga ta gefen gabas ta ɗaga kwanon gaba ɗaya. Duwatsu da bulo da muke jerawa a kai ba su isa ba, in iska ta yi ƙarfi su ma faɗowa suke yi a kan mutane. A ɗaure katakon rufi da waya mai kauri, a zura ta cikin bango ƙasa sosai. Kwanon da ya tashi sama wuƙa ne. Ɗakin jinka da rumbu kuma a sake musu igiya, a matse kan jinkar.

Sai gindin bango, inda muka fi sakaci. Bangon laka daga ƙafa yake mutuwa. Ruwa ya kwanta a gindinsa, ya tsotsa sama kamar yadda lagwani yake shan kananzir, ƙasan ya yi laushi, saman kuwa da nauyinsa. A tara ƙasa mai ƙarfi a gindin bango, a daɓe ta ta gangara waje. Mai hali ya jera duwatsu ko ya shafa siminti kamu biyu ko uku daga ƙasa. Yaɓe kuma a fara da bangon gabas, domin shi ruwa yake duka. Ana cewa sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Ruwa ma ta nan yake shiga, kuma ya fi ƙadangare ɓarna. Rariyar da ke fitar da ruwan tsakar gida a buɗe ta, a yi magana da maƙwabci tun yanzu a kan inda ruwan zai bi. Mun sha ganin mutum ya tare ruwa daga ƙofarsa ya tura shi gindin katangar ɗan uwansa, a wayi gari ana shari'a gaban maigari.

Mun san abin da za ku ce. Yaɓe yana son ruwa, a bazara kuwa ruwan sha ma wahala ne. Yana son majiya ƙarfi, su kuwa suna ci-rani a Yamai, ko Legas, ko Kwatano, ba sa dawowa sai ruwan shuka ya sauka. In sun dawo, gona ce a gabansu, babu mai waiwayar bango sai bayan noman farko. Wannan uzuri ne na gaskiya, ba mu raina shi ba. Amma da can da gayya ake yin irin wannan aiki. Muna kira ga masu gari da limamai da shugabannin samari su tsai da ranaku cikin watan Mayu, unguwa unguwa. Masu amalanke su kawo ruwa da laka, samarin da ke gida su kwaɓa, magina su duba azara. A fara da gidajen gwauraye mata da tsofaffi da waɗanda mazansu ba su dawo ba. Ɗan ci-rani kuma, cikin kuɗin da yake aikowa gida, ya ware na gyaran ɗaki ya faɗi sunansa, don kada ya narke cikin cefane.

Akwai abin da ya fi ƙarfin maigida shi kaɗai. Garuruwanmu da yawa cikin Dallol Mawri suke, ko a bakinsa. Ruwan da ya zuba a kan tuddai da duwatsu gangarowa yake yi ta ƙoramu ya nufo fadama. Da can itatuwa da sabara suna rage masa gudu. Mun sare su, fako ya yi yawa, yanzu ruwa a guje yake isowa, da yashi a bakinsa. Jeren duwatsu da ramukan rabin wata da ake yi a kan fako, mukan ɗauke su aikin gyaran gona kawai. Amma duk ruwan da suka tsare a tudu, ruwa ne da bai shigo gari ba. Ga kuma zancen filaye. Shekarun fari na 1973 da 1984 sun sa mun manta da tsofaffin hanyoyin ruwa, muka yi gini a cikinsu. Ruwa bai manta ba. Muna roƙon magadan gari da sarakuna: kafin a ba mutum fili, a tambayi dattawa ko ruwa ya taɓa bi ta nan. Gara a ɓata wa mutum rai yau da a je masa ta'aziyya. Kududdufin da muke haƙa don ɗibar laka kuma a nisanta shi da gidaje, domin yana cin gindin katanga, yana cin yara, yana kiwon sauro.

To, ga hadari ya taso, me ya rage? Abin da ya rage kaɗan ne, in an riga an yi na baya. Takardun haihuwa, da katin shaida, da takardar gona, da karnen likita na yara, su kasance cikin leda a cikin gwangwani mai murfi, a rataye wuri ɗaya da kowa ya sani. Irin shuka da ɗan hatsin ci a ɗora su bisa wani abu, kada su taɓa ƙasa. Tocila da salula su kwana kusa da kai. Dabbobi kada a ɗaure su jikin katanga ko cikin kwari. Wanda hadari ya tarar a gona ya aje hauya, ya nisanci itace mai tsayi da ke tsaye shi kaɗai, domin irinsa aradu take nema. Ƙorama in ta kawo, a jira. Ruwa mai gudu da ya kai gwiwa yana iya kayar da babban mutum, kuma galibi cikin ƴan awoyi yake janyewa.

Magana mafi nauyi ita ce ta dare. Ɗaki ba ya cika faɗuwa ba tare da ya yi gargaɗi ba. Ƙasa takan riƙa zubowa daga rufi. Azara takan yi ƙara. Ƙofar da take buɗuwa da sauƙi sai ta cije. Sabuwar tsaga ta bayyana, ko laima ta hau bango har gwiwa. Wanda ya ga ɗaya daga cikin waɗannan ya fitar da iyalinsa nan take, yara da tsofaffi a gaba. Kada a koma ɗauko tukunya ko katifa. Mun san abin da yake hana mutane fita: ruwa ana zubawa, duhu, sanyi, ga kunyar buga ƙofar wani da tsakar dare. Shi ya sa muke cewa a gama wannan magana tun da rana tsaka, tun kafin damana. Kowane gida ya san inda zai nufa, ko ɗakin siminti na maƙwabci, ko masallaci, ko makaranta. Wanda ba shi da ko ɗaya ya kafa ƴar bukka ta zana da leda a tsakar gida, nesa da kowane bango. Bukka tana yoyo, amma in ta faɗi a kan mutum, tashi zai yi ya kakkaɓe jikinsa.

Ɗaukewar ruwa ba ita ce ƙarshen haɗari ba. Bangon da ya sha ruwa yana iya faɗuwa washegari, rana tana haske. A hana yara wasa a gindinsa, kada kuma a koma kwana ciki sai magini ya duba. A fadamarmu ruwan ƙasa kusa yake, salga in ta cika takan haɗu da rijiya. Rijiyar da ruwan gari ya shiga, kada a sha ruwanta sai an tafasa, ko an sa ƙwayar tsabtace ruwa yadda ma'aikacin lafiya ya nuna. Yaron da zawo ya kama a ba shi ruwan gishiri da sukari: lita 1 ta tafasasshen ruwa da ya huce, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri, yana kurɓa kaɗan kaɗan a kan hanyar zuwa gidan likita. In zawon kamar ruwan shinkafa yake, ko ya kama mutum biyu ko uku a gida ɗaya, a sanar da likita a ranar, kada a kwana. Sauro kuwa bayan mako ɗaya ko biyu zai taso daga ruwan da ya kwanta. Duk inda aka koma kwana, ko bukka ce ko aji, a tafi da sange a ɗaura shi, a kuma kai yara ƴan ƙasa da shekara 5 karɓar maganin rigakafin masassara da ake rabawa wata wata cikin damana.