Araha ba ta ado

Kaka ta yi, an kai amfanin gona gida, bukukuwan aure sun kunno kai, sai ga masu allura sun sake fitowa. Tallarsu na yawo a WhatsApp da TikTok, tana kuma bi gida gida ta bakin dillalai: ta hasken fata, ta ƙarin ƙugu, ƙarin ruwa na amarya, wai uku a kuɗin biyu, in kin kawo ƙawa a rage miki. Muna kira ga hukumomin Dakoro da su tsayar da wannan sana'a tun kafin ta kai wata kushewa.

A dubi yadda abin yake. Kwalba ce 'yar ƙarama, rubutun jikinta ya kankare ko kuwa da harshen da babu mai karanta shi a garin. Ta kwana a jakar hannu, ta sha ranar hanyar Maraɗi a bayan mota, alhali magungunan allura da yawa sanyi suke so. Mai yin allurar ba ta taɓa zama ajin koyon jinya ba. A ɗaki take tsira wa 'yan mata biyar a jere, babu mai tambayar ko sirinjin sabo ne. Bayan mako guda wuri ya kumbura ya tara ruwa, yarinya ta ɓoye saboda kunya, sai zazzaɓi ya kayar da ita a kwashe ta zuwa asibitin gunduma. A lokacin mai allura ta rufe waya.

Ko maganin na gaske ne, ba a tsira ba. Gulutatiyon da ake ɗura wa mata a jijiya don su yi fari, hukumar magunguna ta Filifin ta yi gargaɗi a kansa tun 2011 saboda illarsa ga ƙoda da fata. Dekizametazon da ake bayarwa don ƙiba kumburi yake kawowa, da hawan jini da ciwon suga. Allura ɗaya a jiki biyu kuwa hanyar ciwon hanta ce da ƙanjamau. A Amurka ma, da duk dokokinta, an tabbatar a 2024 cewa mata uku sun kamu da ƙanjamau a wani shagon gyaran fuska marar lasisi a jihar New Mexico. To ina ga inda ba a leƙa kowa?

Za a ce jikinsu ne, kuɗinsu ne, hukuma kuma na da abin da ya fi wannan damunta. Mun ji. Amma wadda ba ta san abin da ke cikin kwalba ba, ba zaɓi ta yi ba, cutarta aka yi.

Kuma mu a Nijar ba mu da uzurin rashin sani. A 1995, lokacin annobar sanƙarau, mutum fiye da 50,000 aka yi wa rigakafin jabu, aka ƙiyasta mutuwar 2,500. A 2015 an sake samun jabun rigakafin sanƙarau a Yamai. Wanda bai ji tsoron Allah a kan maganin ceton rai ba, zai ji a kan na kwalliya? Shekara nawa muna jin za a kawar da masu kasa magani a ƙasa? A yi samame na kwana biyu, a ƙona katan-katan gaban kyamara, ranar kasuwa mai zuwa faranti ya koma kan mai shi. A Najeriya, hukumar NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin matsalar gaggawa ta lafiyar ƙasa a 2023, kuma kayan da ake kora daga can na iya nufo iyakarmu.

Samarin da ke cewa fara ko mayya ce, da uwayen da ke biyan kuɗin gyaran amarya ba su tambayi komai ba, su ma da hannunsu a ciki.

Don haka muke sake faɗa: a tsayar da su. Prefe da babban likitan gunduma da jandarmomi su bi masu wannan talla, lambobinsu a fili suke. Abin da aka kama a kai shi ɗakin gwaji na LANSPEX a auna, a karanta sakamakon a gidajen rediyo da Hausa. Limamai su yi magana ranar Juma'a.

Ke kuma 'yar'uwa, duk wadda ta ce ki miƙo hannu a ɗaki, ki ce ta nuna takardar aikinta da kwalbar a rufe. In ta ƙi, ki tashi. In an riga an yi miki kuma wurin ya yi zafi ko ya kumbura, ki je asibiti yau, ki tafi da kwalbar.