Mutuwar yaro a filin wasa: Wa ke da alhaki?

A watan Agustan 2016, wani yaro ɗan shekara 10 ya rasu yana sulalowa daga magangarar ruwa mai tsayin mita 51 a filin wasa na Schlitterbahn, jihar Kansas ta Amurka. Iyalinsa sun karɓi diyyar kusan dala miliyan 20, amma a 2019 alƙali ya kori tuhumar da aka yi wa jami'an kamfanin.

Giɓin yana cikin doka. Tun 1981 gwamnatin tarayya ta bar wa jihohi sa ido kan irin waɗannan filaye, Kansas kuwa ta sakar wa kamfanoni mara su duba kayansu. Sai da aka rasa rai ta tsaurara dokar a 2017.