Sharhi: Janye bindigogi masu matsala a Amurka, wa ke biyan diyya, kuma nawa?

A watan Oktoban shekarar 2000, wata mata a jihar Montana ta ƙasar Amurka ta ɗauki bindigarta ta farauta, ƙirar Remington 700, domin ta cire harsashin da ke cikinta bayan sun tashi daga farauta ita da iyalinta. Ta juya bakin bindigar wajen tirelar dawakai, tana zaton babu kowa a wurin. A cewarta, tana zare makullin kariya sai bindigar ta tashi, alhali yatsanta bai taɓa kunama ba. Harsashin ya ratsa tirelar, ya sami ɗanta mai shekara 9 da ya zagaya ta ɗaya gefen, kuma yaron bai kai labari ba.

Mahaifin yaron ya shafe shekaru yana tono takardun cikin gida na kamfanin Remington, kuma yawancin abin da jama'a suka sani a yau game da matsalar wannan bindiga ya fito ne daga irin waɗannan takardu da kuma shari'o'in da aka yi. Sai bayan fiye da shekara 16, a watan Maris na 2017, wata kotun tarayya a jihar Missouri ta amince da sulhun da ya bai wa masu bindigogi kimanin miliyan 7.5 damar a canza musu kunama kyauta. Waɗanda suka nemi gyaran a lokacin ba su wuce 22,000 ba, wato ƙasa da mutum ɗaya cikin kowane 300.

Wannan adadi kaɗai ya isa ya sa a tambaya ko abin da kamfanonin ƙera makamai ke kira diyya ya cancanci sunan.

Kafin a kai ga batun kuɗi, sai an fahimci wani giɓi da ke cikin dokokin Amurka. A shekarar 1972 ne aka kafa hukumar tarayya mai kula da lafiyar kayayyakin da jama'a ke saye. Hukumar tana da ikon tilasta wa kamfani ya janye gadon jarirai, ko keke, ko na'urar dumama ɗaki, har ma da bindigar wasan yara, idan ta gano kayan na da haɗari. Amma ba ta da wannan iko a kan bindigar gaske, kuma a 1976 Majalisar Dokokin ƙasar ta ƙara jaddada cewa hukumar ba ta da hurumin taɓa bindiga ko harsashi. Ita kuwa hukumar da ke ba dillalan makamai lasisi, aikinta sa ido a kan saye da sayarwa ne, ba duba ingancin ƙira ba. Saboda haka, duk janyewar bindiga da aka ji a Amurka, kamfanin ne ya ga dama, ko kuma shari'a ce ta matse shi. Shi ke zaɓar lokacin, shi ke zaɓar kalmomin sanarwa, shi ke yanke abin da zai bayar.

A kwatanta da mota. Lokacin da aka gano jakunkunan iska na kamfanin Takata na ƙasar Japan suna fashewa suna watsa ɓaraguzan ƙarfe a fuskar direbobi, hukumar kiyaye haɗurran hanya ta Amurka ta tsaya a kan lamarin har aka janye kimanin miliyan 67. A 2017 kamfanin ya amsa laifi, ya amince zai biya dala biliyan 1, ciki har da dala miliyan 125 da aka ware wa waɗanda suka jikkata. Kowace mota tana da rajista, don haka ana iya aika wa mai ita wasiƙa har gida. Bindiga ba haka take ba: wata doka ta 1986 ta haramta wa gwamnatin tarayya ajiye kundin sunayen masu bindiga. Bindigar farauta kuma tana yin shekara 50 tana aiki, uba ya bar wa ɗa, maƙwabci ya sayar wa maƙwabci. Wanda ke riƙe da ita a yau sau da yawa ba shi ne ya saye ta a kanti ba, kuma babu mai adireshinsa.

Labarin Remington ya cancanci a ɗan tsaya a kansa, domin duk ɓangarorin matsalar sun haɗu a cikinsa. Injiniyan kamfanin, Mike Walker, shi ne ya ƙera kunamar a ƙarshen shekarun 1940, kuma maharba sun so ta saboda laushinta. A cikinta akwai wani ɗan ƙarfe da ba a manne shi da jikin kunamar ba, ƙarfin sifirin ne kawai ke riƙe da shi. Masu ƙara sun ce idan datti, ko tsatsa, ko busasshen mai ya shiga tsakani, ɗan ƙarfen yana iya gocewa, ta yadda makullin kariya kaɗai ke hana bindigar tashi. Da an zare shi, sai harbi. Abin da ya ƙara muni shi ne, a bindigogin da aka ƙera kafin 1982, dole ne a zare makullin kafin a iya cire harsashi. Wato mutumin da ke ƙoƙarin kauce wa haɗari, shi ne ke buɗe masa ƙofa.

A shekarar 2010 tashar talabijin ta CNBC ta nuna takardun da ke cewa tun a 1948 Walker da kansa ya ba da shawarar gyara, kuma an ƙiyasta gyaran zai ƙara santi biyar da rabi a kuɗin ƙera kowace bindiga. Ba a yi gyaran ba. Kamfanin dai ya tsaya a kan bakansa cewa bindigar lafiyarta ƙalau, kuma haɗurran sun faru ne saboda rashin kula da ita, ko taɓa kunamar da wasu ke yi da kansu, ko sakaci wajen riƙo. Ba za a ce wannan hujja ba ta da tushe baki ɗaya ba, domin ƙa'idar farko da ake koya wa duk mai riƙe bindiga ita ce kada ya juya bakinta ga abin da ba ya nufin harbi. Sai dai ƙa'idar an kafa ta ne domin kuskuren ɗan Adam, ba domin ta zama mafakar mai ƙira ba. Mu ma a nan gida mun saba jin an ce "harbin kuskure ne", kuma da wuya a ji wani ya tambaya ko kuskuren na hannu ne ko na ƙarfe.

To, me sulhun 2017 ya ƙunsa? Mai bindigar da za a iya gyarawa zai aika da ita, ko ya kai ta wurin da aka amince, a saka mata sabuwar kunama ba tare da ya biya ba. Masu wasu tsofaffin samfura da aka ce ba sa gyaruwa, an ba su takardar sayayya ta dala 10 zuwa dala 12 da rabi, wadda ba ta da amfani sai wajen sayen kayan Remington ɗin. Lauyoyin masu ƙara kuwa sun tashi da dala miliyan 12.5. Kamfanin bai amsa cewa akwai aibi ba, kuma bai kira shirin da sunan janyewa ba. Nan ne gizo ke saƙar: ta yaya za a shawo kan maharbi ya rabu da bindigarsa na makonni, a daidai lokacin da wanda ya ƙera ta ke faɗa masa cewa babu abin da ke damunta? Manyan lauyoyin gwamnati na wasu jihohi sun roƙi kotu ta ƙi sulhun saboda raunin sanarwar. Alƙalin da kansa, Ortrie Smith, ya nuna damuwa kan ƙarancin masu neman gyara, ya sa aka sake yekuwa, daga bisani ya amince, bisa la'akari da cewa gyara wasu ya fi a bar duka. Kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da hukuncin a 2018.

Wani abin takaici kuma, sabuwar kunamar da kamfanin ya fito da ita a 2006, mai suna X-Mark Pro, ita ma sai da aka janye ta a watan Afrilun 2014, bayan an gano cewa gam ɗin da aka yi amfani da shi wajen haɗa ta ya yi yawa a wasu bindigogin, har suna iya tashi da kansu.

Kamfanin Taurus na ƙasar Brazil ya ɗan fi sakin hannu, ko da yake shi ma sai da aka kai shi kotu. Wani jami'in tsaro a jihar Iowa ne ya shigar da ƙara bayan ƙaramar bindigarsa ta faɗi ƙasa ta tashi yayin da yake bin wani da ake zargi. Sulhun da aka cimma a 2015 ya shafi ƙananan bindigogi kusan miliyan 1, ya kuma ba mai bindiga zaɓi: ko a duba ta a gyara ko a musanya, ko ya mayar da ita ya karɓi kuɗi har dala 200. Amma an ƙayyade jimillar kuɗin a dala miliyan 30, ta yadda idan masu mayarwa suka yi yawa, rabon kowa zai ragu. Shi ma Taurus bai amsa laifi ba.

A dukan sulhun biyu, abin da aka biya shi ne asarar kaya, ba asarar jini ba. Wanda ya rasa ƙafa, ko ɗa, an bar masa haƙƙinsa na shigar da ƙara shi kaɗai. Dokar 2005 da ta kare kamfanonin makamai daga ƙararrakin da suka shafi laifin da wani ya aikata da bindiga ta bar wannan ƙofa a buɗe, matuƙar aibin na ƙira ne kuma an yi amfani da bindigar yadda ya kamata. Sai dai shiga ƙofar na buƙatar lauya, da ƙwararren da zai tabbatar wa kotu cewa ba yatsa ne ya ja kunama ba, da haƙurin shekaru. Da yawa daga cikin irin waɗannan ƙararraki kan ƙare ne da sulhu a asirce, inda iyali ke karɓar kuɗi bisa sharaɗin yin shiru. Iyalin sun sami wani abu, amma maharbi na gaba bai ji gargaɗin ba. Remington kuma ya bayyana karayar arziki sau biyu, a 2018 da 2020, aka yi gwanjon kadarorinsa gunduwa-gunduwa. A irin wannan yanayi, mai neman diyya kan koma ɗaya daga cikin masu bin bashi, ya shiga layi a bayan bankuna.

Rigimar da ke ci a yanzu ita ce ta ƙaramar bindigar P320 ta kamfanin SIG Sauer, wadda rundunar sojin ƙasa ta Amurka ta zaɓi wani nau'inta a watan Janairun 2017 a kwangilar da za ta iya kai dala miliyan 580. A watan Agustan shekarar, bayan an nuna cewa bindigar na iya tashi idan ta faɗi ta wata kusurwa, kamfanin ya sanar da abin da ya kira shirin inganta bindigar ga wanda ya ga dama. Gyaran kyauta ne, amma an kauce wa kalmar janyewa. A 2023 jaridar Washington Post da kafar The Trace suka ruwaito cewa fiye da mutum 100 sun yi zargin bindigar ta tashi ba tare da an ja kunama ba, kuma aƙalla 80 sun jikkata, cikinsu har da 'yan sanda. Kamfanin ya musanta, yana mai cewa P320 ba ta iya tashi sai an ja kunama, kuma ya yi nasara a wasu ƙararrakin. A wasu kuma ya faɗi: a 2024 masu taimaka wa alƙali a jihar Georgia sun yanke wa wani da bindigar ta harba a cinya diyyar dala miliyan 2.35.

A nan ba aikin mai sharhi ba ne ya yanke hukunci kan ko P320 na da aibi. Abin lura shi ne, babu wata hukuma mai zaman kanta da doka ta ɗora wa alhakin gwada bindigar ta faɗa wa jama'a sakamako. Shi ya sa kotu ɗaya ke cewa e, wata ta ce a'a, hukumar 'yan sanda ta wannan gari ta ajiye bindigar, ta wancan gari ta ci gaba da ratayawa.

Masu adawa da ba hukumar kula da kayayyaki iko a kan bindiga suna da tsoron da suka daɗe suna faɗa: wata rana gwamnatin da ba ta son bindiga za ta fake da sunan aibi ta hana sayar da ita gaba ɗaya. Wannan tsoro ne ya haifar da giɓin tun farko, kuma ɗan majalisar da ya fi tsayawa a kansa a shekarun 1970 shi ne John Dingell na jihar Michigan. Matarsa, Debbie Dingell, wadda ta gaje kujerarsa, ta sha gabatar da ƙudirin da zai ba hukumar ikon janye bindigogi masu aibi, amma ƙudirin bai zama doka ba. A jihar New Hampshire kuwa, inda hedikwatar SIG Sauer take a Amurka, Gwamna Kelly Ayotte ta sa hannu a watan Mayun 2025 kan dokar da ta hana a kai kamfanin makamai ƙara a jihar bisa hujjar cewa bindigarsa ba ta da makullin kariya na waje.