"A Kan Duwatsu" Ko "Akan Duwatsu"?

Abin takaici ne a ga ɗalibin jami'a ya kwana yana gardamar kalmar da Bature ke sawa gaban "manyan duwatsu", amma a nasa harshen ya rubuta wai ruwan Tiga yana gangarowa "akan duwatsu". Haba malam! "A kan" wuri yake nunawa, "akan" kuwa sabo.

Mai cewa duk ɗaya ne, to ya gwada rubuta wa manomin Kadawa ko Bunkure takardar feshi. "A kan shuka ake fesa magani" na nufin bisa tsiro. Haɗe su, sai ya karanta "akan shuka", wato an saba shukawa, ya tsaya yana jiran jin me ake shukawa.

Ku kuma malamanmu masu zaftare maki saboda kuskuren Turanci, don me jan bironku yake tsallake wannan?